Kafin ka ɗaura tirelar kwana a bayan motarka

Ƙannena da ke zaune a nan Amurka, musamman ku da kuka fara tara iyali a yankin Maryland da Virginia, na lura da yawanku sun fara sha'awar tirelar kwana, ɗan ɗakin nan mai tayoyi da ake ja da mota, mai gado da murhun gas da banɗaki a ciki. Sha'awarku tana kan hanya. Yaron da ya tashi a gidan haya hawa na uku, daga makaranta sai gaban talabijin, yana buƙatar ya taka ƙasa, ya ga taurari, ya ji ƙamshin itace yana ci. Abin da ya ja ni ke nan, kuma har gobe ina fita da iyalina. Sai dai na shiga harkar da gaggawa, maiɗakina da yara suka sha wahalar da ba dole ba, shi ya sa nake so ku ji daga bakina.

Na sayi tirela tun ban san ƙarfin motata ba. Abin da na duba kawai shi ne nauyin da masu talla suka ce motar tana iya ja. Ashe akwai wata lamba da ta fi wannan muhimmanci, tana nan a 'yar takardar da aka manna a jikin ƙofar direba: iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka a kanta. Hancin tirela yana danna bayan mota da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta duka, kuma wannan dannin a cikin waccan lambar ake lissafa shi. Tirela mai kilo 2,000 za ta ɗora wa motarka kilo 200 zuwa 300 tun kai da matarka da yara ba ku shiga ba, tun ba a sa kula da tukwane ba. Sannan nauyin da ake rubutawa a takardar talla na tirela ce wayam. Ruwa kaɗai, kowace lita kilo ɗaya ce. Ka cika tanki mai lita 150, ka ƙara kilo 150 ke nan. Akwai sikelin manyan motoci a tashoshin man da direbobinsu ke tsayawa, kuɗin awon kaɗan ne. Ka loda komai yadda za ka yi tafiya, da mutanenka a ciki, ka je ka hau. Da na yi haka tun farko, da ban sayi wadda na saya ba.

In son samu ne ma, ka fara da haya. Bashin tirela a ƙasar nan yakan kai shekara 10 ko 15 ana biya da ruwa, ga darajarta tana faɗuwa daga ranar da ka fito da ita. Ka karɓi haya ka gwada, ka ga ko iyalinka suna so, ba kai kaɗai ba.

Yadda aka jera kayan ma abin lura ne, kuma a nan ne na ga abin da ya fi tsorata ni. Na zuba jarkokin ruwa da buhun shinkafa da kekunan yara a can ƙarshen tirela, don nan ne da fili. Muna kan babbar hanya wata doguwar mota ta wuce mu, iskarta ta buge mu, sai na ga tirelar a madubi tana lilo, hagu, dama, kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi, har bayan motar ya fara bin ta. Maiɗakina ta dafa gaban mota tana ta "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un", ƙaramin yaron ya farka yana kiran "Abba, Abba". Allah ne ya kiyaye. Duk wanda ya taɓa ganin jakin da mangalarsa ta rinjaya gefe guda ya san ba a zuwa da nisa a haka. Kaya masu nauyi ƙasa ake ajiye su, a saman tayoyi da ɗan gabansu, a ɗaure. In kuma lilon ya fara, kada ka taka birkin mota da ƙarfi, kada ka yi ƙoƙarin gyara shi da sitiyari. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, ka matsa birkin tirela da hannu a na'urar da ke kusa da gwiwarka, gudun ya ragu da kansa. Tayoyin tirela da yawa ba a yi su don wuce mil 65 a awa ba, kuma tsufa ke kashe su tun zanensu bai goge ba. Lambobi huɗu na ƙarshe na jerin da ya fara da DOT a gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta. Ka karanta su kafin ka sayi tirelar hannu.

Sauran na ɗauri ba su da wuya, mantuwa ce matsalarsu: a tabbatar bakin tirela ya zauna a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota ya kulle, a gitta sarƙoƙin nan biyu a ƙarƙashinsa, a gwada fitilu, a sa wa tayoyi waigi kafin a kwance ta daga mota. Kuma ba a barin kowa a cikin tirela tana tafiya, ko da barci yake.

Kuskurena na biyu buri ne. Na so fitarmu ta farko ta zama gandun Shenandoah, a kan duwatsun Blue Ridge, don na ga hotuna. Wuri ne mai kyau ƙwarai, amma ba na ɗan koyo ba ne da yammacin Juma'a. Ka idar da sallar Juma'a, ka koma gida, ka ɗaura tirela, ka faɗa cunkoson hanyar I-66 tare da duk mutanen Washington da ke fita hutu. In ka hau titin Skyline Drive, mai tsawon mil 105, doka ba ta yarda ka wuce mil 35 a awa ba, ga kwana-kwana, ga barewa na tsallakawa, ga hazo. Akwai ramin dutse na Marys Rock da titin ke bi ta cikinsa, wanda tsayinsa ƙafa 12 da inci 8 ne, don haka dole ka san tsayin tirelarka har da na'urar sanyin da ke kanta. Mun isa zangon Big Meadows, wajen mil na 51, dare ya yi. Babu wutar da za a jona, waya ba ta kamawa sosai, yara na jin yunwa, ga sanyin da ban zata ba a watan bazara, don wurin ya haura mita 1,000 a sama. A cikin wannan duhun na yi ta fama da baya-baya, maiɗakina na haska mini da waya. Na ɗaga mata murya. Ta zo taga a hankali ta ce, "Abban yara, mutane na barci, kuma ni ban taɓa yin wannan aikin ba." Maganar nan ta daɗe tana damuna, don gaskiya ta faɗa: ni na kawo mu a makare, ni ban koyi baya da tirela ba, sannan ita na huce a kanta gaban 'ya'yanta.

Don haka ka je filin ajiye motoci da ba kowa, da safiyar Lahadi, kai da matarka, ku koya tare. Ka sa hannu a ƙasan sitiyari. Inda hannunka ya nufa, nan bayan tirela zai nufa. Ku yi yarjejeniyar alamun hannu, kuma in ba ka ganin ta a madubi, ka tsaya cak. Fitarku ta farko kuwa ta zama kusa, wurin da bai wuce awa ɗaya ko ɗaya da rabi ba, mai wutar lantarki, irin su Patapsco Valley ko Cunningham Falls ko Greenbrier a Maryland. Ku isa da rana a sama. Gurabun wuraren gwamnatin tarayya ana buɗe kama su tun wata 6 kafin lokaci, kuma daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba na ƙarshen mako ba sa daɗewa.

Akwai abin da ba na wasa da shi ko kaɗan yanzu. A daren sanyin nan na yi tunanin shigo da kaskon gawayin da muka gasa nama cikin tirela, maƙwabcinmu na zango, wani dattijo, ya hango ni ya hana. Mu da muka fito daga gida mun sha jin labarin iyali guda da aka wayi gari babu su saboda hayaƙin janareta ko gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu. Iskar nan ba ta da wari, ba ta da launi, barci take sa mutum. Tirela ta fi kowane ɗaki ƙanƙanta. Gawayi waje, janareta nesa da taga, kada a ɗumama ɗaki da murhun girki, kuma a danna na'urar gargaɗin da ke ciki a ji ƙararta kafin kowace tafiya.

Abincinmu mai ƙamshi ne, kuma Shenandoah gidan baƙar beyar ne, wata babbar dabbar daji. Na bar dambun nama da tukunyar miya a kan teburin waje muka tafi yawo, ma'aikaciyar gandun ta same mu ta yi mana gargaɗi mai kyau: beyar da ta saba da abincin mutane takan zama haɗari har a kai ga kashe ta. Komai mai ƙamshi, har sabulu da man goge baki, a kulle shi. Itacen wuta ma ba a ɗauko shi daga gida, saboda wani ƙwaro da aka fara ganowa a Michigan a 2002 wanda ya kashe miliyoyin bishiyoyi, kuma a cikin itace yake tafiya. A sayi na wurin. Da dare kuma a duba jikin yara, bayan kunne, hammata, cikin gashi, saboda kaskar da ke kawo cutar Lyme. Ta fi ta shanu ƙanƙanta sosai. In an gan ta a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe, ba a ƙona ta, ba a shafa mata mai.

Mu masu buta, lissafin ruwanmu ba irin na maƙwabtanmu ba ne. Alwala sau biyar ga mutum biyar ko shida, ga tsarki, tankin ruwan datti kan cika tun Asabar ba ta ƙare ba. Yanzu muna alwala a waje, muna amfani da banɗakin zango da rana, na tirela sai dare. Wajen zubarwa a fara da tankin bayan gida, a biyo da na wanke-wanke ya ɗauraye bututun, da safar hannu. Alƙibla daga wannan yankin arewa maso gabas take. Ka duba ta tun waya na kamawa. In tafiyar ta kai kimanin kilomita 80 akwai sauƙin ƙasaru, ka tambayi malaminku. Lokacin shiru a zango yakan kama daga 10 na dare zuwa 6 na safe, Asuba kuwa a tsakiyar bazara tun kafin ƙarfe 5 take yi, don haka a tashi a hankali, a rufe ƙofa a hankali. Ban taɓa jin daɗin jan yarana sallah irin na wannan lokacin ba, a kan tabarma, raɓa na sauka.

Abin da na fi jinkirin ganewa shi ne hutun nawa ne ni kaɗai. Ina zaune gaban wuta da shayi, maiɗakina na cikin ɗan kicin ɗin da mutum ba ya iya juyawa, tana tuƙa tuwo, tana wanke kwanoni da ruwan da ake aunawa, tana bin yara. Ranar Lahadi mu dawo ta tarar da wanki. Wata rana na ce a shirya mako mai zuwa, ta ce, "Ku je kai da yara, ni zan huta a gida." A nan na fahimta. Tun daga lokacin ake dafa miya da shinkafa tun ranar Alhamis a daskarar, su zama ƙanƙarar kula a hanya. Gashi da karin kumallo nawa ne, wanke-wanke na manyan yara, ita kuma tana da sa'o'inta da ba mai kiran ta. Na kuma daina cika ranar Asabar da tsare-tsare. Tafiya ɗaya gajeriya zuwa magangarar ruwa ta isa, sauran lokacin yara su yi ta tsintar duwatsu, in ba su labarin garinmu da Hausa, su tambaye ni abin da ba sa tambaya a gida.

Ranar Lahadi ku kama hanya kafin azahar, don a samu sauke kaya da shirin makaranta ba a gigice ba. In yara na Islamiyyar ƙarshen mako, a sanar da malaminsu tun da wuri, kuma kada fitar ta zama ta kowane mako. A gangaren dutse ka sa ƙaramar giya, kada ka dogara da birki har ya yi zafi. Kafin sanyin Nuwamba ya shigo kuma, ka zubar da duk ruwan da ke cikin tankuna da bututu, ka zuba maganin hana daskarewa na tirela, mai ruwan hoda, ba na injin mota ba, wanda guba ne. Na bar tawa da ruwa a ciki a hunturun farko, da bazara na buɗe famfo ruwa ya fito ta ƙarƙashin gado.