Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shigata Aji Ɗaya

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a kan rasuwar mahaifina Malam da shigar Inna takaba ina aji shida na firamare. Masu tambaya ta yadda aka yi da gado, ku ƙara haƙuri, wannan zance ne mai zaman kansa kuma ba zan tsallake shi ba. Yau shigata sakandare ce ke cina a rai, don tun da aka kai Auta aji ɗaya a bana nake kwana da ita ina tashi da ita.

Sakamakon kwaman entarans, jarrabawar shiga sakandare, ya fito a 1987, shekarar da Babangida ya cire jihar Katsina daga jikin Kaduna, mu mutanen Funtuwa muka wayi gari 'yan sabuwar jiha. Hedimastanmu da kansa ya tako har zaure ya ce na ci, an ba ni makarantar kwana ta 'yan mata. Ba zan faɗi sunanta ba, waɗanda muka yi tare sun sani. Inna ta yi kuka ranar, kuma na san ba kukan murna kaɗai ba ne. Wanda ya fi kowa son ya ji wannan labari yana ƙasa.

Malam ɗan Midil ne. A zamaninsu yaro kan yi shekara huɗu a Elementare, sai a tsinci 'yan kaɗan a kai su Midil ta lardi, En'e, wato hukumar gargajiya, ce ke ci da su da tufatar da su. Shi Katsina aka kai shi. Ya sha ba mu labarin yadda kakanmu, wanda bai san ko bihim na boko ba, yake bin 'yan kasuwa masu shiga birni yana ba su ƙunshin ƙuli da saƙon baki: a gano masa idon yaron, a dawo a faɗa masa ko ya rame. Daga nan Malam ya samo maganarsa da duk gidanmu ya haddace: "Rakiyar yaro ba ta ƙarewa a bakin ruwa, sai an ga ya haye." Ina jin ta tun ina ƙarama, ban gane nauyinta ba sai da na rasa mai faɗinta.

Baffa ne ya karɓi takardar kayan da za a saya. Doguwa ce. Akwatin ƙarfe da kwaɗo, bokiti, katifa, zanen gado fari, yunifom da kayan sawa na hostal, sandal, kambas, fitilar ƙwai, tsintsiya, fartanya, kwano da kofi da cokali. Ga kayan maƙulashe da ba a rubuta ba amma kowa ya san dole ne: garin kwaki, sukari, ƙuli-ƙuli, yaji, man gyaɗa, sabulu. Lokacin SAP ne, tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, an karya darajar naira tun 1986, abin da aka saya bara da sauƙi bana sai an yi gumi. Baffa ya ce babu kuɗi. Aka sayar da keken Malam, Raleigh ɗin nan da yake gogewa duk Juma'a, da kuɗinsa aka yi min kayan. Na rubuta wannan ne a fili don daga baya an yi ta yaɗawa a dangi wai daga aljihun Baffa aka kai ni makaranta. Keken ubana ne ya kai ni.

Shi ya raka ni, wannan ba na hana masa. Muka shiga motar haya da akwati a kan bodi. A bakin get metiron ta buɗe akwatin tana duba kaya ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da ɗan turaren da Inna ta cusa min ta ce ba a yarda ba. Da aka rubuta sunana, Baffa ya gyara babbar rigarsa ya ce, "To, ga ki ga makaranta. Ni dai na sauke nauyi." Ya juya. Shekarata goma sha biyu, ban taɓa kwana a wani gida ba sai na Gwaggo. Har na gama ƙaramar sakandare ƙafarsa ba ta sake taka wannan get ba.

Na sauke nauyi. Bakin ruwa ke nan da Malam yake faɗa.

Iyaye da yawa sun ɗauka wahalar aji ɗaya ita ce kewar gida da tuwon gabza. Akwai su, amma ba su ne suka kayar da ni ba. A firamare malami ɗaya ne ke riƙe da mu tun safe har tashi. Ya san ubana, ya san gidanmu, in na yi shiru ya san da wani abu. A sakandare kuwa da an kaɗa ƙararrawa wannan ya fita wancan ya shigo, kowa da darasinsa da littafinsa da halinsa, babu wanda ya san sunanki sai ki yi laifi. Mu 'yan sabon tsarin nan ne na 6-3-3-4, shekara uku a ƙaramar sakandare, uku a babba. Aka jibga mana darussa fiye da goma: lissafi, Turanci, haɗaɗɗiyar kimiyya, ilimin zaman jama'a, aikin gona, tattalin gida, kasuwanci, addini, Larabci, Hausa, da koyon fasaha. Na fasahar nan kam a allo muka yi shi. Injinan da gwamnati ta sayo suna kulle cikin akwatunan katako a wani ɗaki, babu wutar da za ta tada su, muna leƙensu ta taga.

Sai Turanci. A firamarenmu ko darasin Turancin ma da Hausa ake fassara mana shi. Nan kuwa rabin malaman 'yan bautar ƙasa ne daga kudu, ba sa jin ko "zo" na Hausa, kuma in firifet ta kama ki kina Hausa sai ta rubuta sunanki, ranar Asabar ki sha noman ciyawa. Ni da nake ɗaukar na ɗaya a ajinmu, na zama yarinyar da ke kwafar abin da ke allo harafi bayan harafi ba ta san me yake cewa ba. Ba na tambaya, don ban san yadda ake tambayar da Turanci ba. Ƙarshen zangon farko na zo kusa da na ƙarshe. Na kai katin sakamako gida ina rawar jiki. Baffa ya sa hannu bai buɗe cikinsa ba. Da ya dake ni da ya fi min sauƙi, wallahi, don da na san wani yana kallo.

Siniyoyi kuma nasu daban ne. Ɗebo ruwa tun kafin asuba, wanki, guga da dutsen gawayi. Bokitina ya ɓata tun makon farko, garina ya ƙare kafin tsakiyar zango don duk wadda ta miƙo kofi ba na iya cewa a'a. Amma ba zan yi wa siniyoyi kuɗin goro ba. Cikinsu ne na sami uwar ɗakina, 'yar Malumfashi, kuma ita ta tsaya min ranar da na fara ganin al'ada. Babu wanda ya taɓa gaya min komai a gida. Inna tana jin nauyi, tana ganin da saura. Na ɗauka ciwo ne ya kama ni, na ɓuya a bayan hostal ina kuka ina tunanin mutuwa zan yi yadda Malam ya yi. Baiwar Allah nan ta zaunar da ni, ta nuna min yadda ake ƙunzugu, ta koya min wankan tsarki da hukuncin salla da azumi. In tana raye Allah ya saka mata, in ta riga mu Allah ya haskaka kabarinta. Saboda wannan rana, duk 'yata da za ta shiga aji ɗaya sai na rufe ɗaki da ita mun yi magana tukuna, kunya ko ba kunya.

Ranar ziyara ita ce mafi ɗaci. Iyaye su cika gindin itatuwan bedi da tabarmi da kuloli, a yi ta aiko yara suna kiran sunaye. Mu da ba a zuwa mana muna zaune a barandar aji muna yi kamar karatu muke. Inna ba ta fita, kuma ko ta so ba ta da kuɗin mota.

Wata ranar ziyara a zango na biyu sai na ji an kira sunana. Gwaggo ce, da mayafinta na zuwa biki, ta tara ribar ƙosai ta yi kuɗin mota. Ta kawo ƙuli da yaji da kanzo. Bayan na ci na ƙoshi ta ce, "'Yar Malam, ɗauko min littattafanki." Na ce, "Gwaggo, ai da Turanci ne." Ta ce, "Na ce ki karanta min ne? Ɗauko." Ta shimfiɗa su a cinya tana buɗawa shafi shafi. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta san jan biro. Ta gane wannan alama ta daidai ce, wannan ta kuskure, ta ga na kuskuren sun rinjaya. Ta tambaye ni wane ne babba a kan ajinmu. Ta ja hannuna har gaban fom masta, wata siniya tana yi musu tafinta, ta ce masa yarinyar nan marainiya ce, ubanta malami ne, ita ke zuwa ta ɗaya a garinsu, yanzu ga littafinta duk jini, me ya faru? Mutumin ya dube ni, ina jin ranar ya fara ganina. Ya gwada ni da 'yan tambayoyi ya gane ba kai ne babu ba, harshe ne. Daga ranar yakan ba ni ƙananan littattafan labari daga laburare, in karanta lokacin firef in zo in faɗa masa abin da na fahimta. Kafin ƙarshen shekara na dawo cikin na gaba. Da za ta tafi Gwaggo ta ce, "Ubanki ya ce sai an ga yaro ya haye. Ni ban da ilimi, amma ina da ƙafa."

Ina tuna wannan ne shekaranjiya da muka yi 'yar sa-in-sa da maigidan a kan Auta. Ya ganni ina zazzage jakar yaron ya ce, "Ke kuwa ki ƙyale shi mana, ai ya girma, ɗan sakandare ne." Na ce, "Abbansu, yanzu ne ma yake tsakiyar ruwa." Shi Auta jeka-ka-dawo yake yi. Tun abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, da 'yan bindiga suka kwashi yara sama da 300 daga makarantar kwana cikin dare, na ce ɗana ba zai kwana a makaranta ba ko da an sako su lafiya. Sai na tarar kwana a gida bai raba shi da abin da na sha ba. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatu kyauta ne kuma dole har aji uku na ƙaramar sakandare, amma yunifom da littattafai da kuɗin PTA suna kanmu, ga kuɗin adaidaita da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ajinsu a cike yake maƙil, malami ba zai iya duba littafin kowa ba. Yaron da yake shigowa da surutu tun daga soro ya koma in ka ce yaya makaranta ya ce "lafiya lau" ya wuce. Cinsa ya ƙaru, barcinsa ya ƙaru, fushi ba wuya. Ya yar da biro, ya yar da kwas ɗin lissafi, har takalmi ƙafa ɗaya. Sunayen abokan da yake ambata ban san gidan ko ɗaya ba, kuma ya fara cewa kowa a ajinsu yana da waya sai shi. Aikin gida ya haɗu da lokacin Islamiyya, sai da na je na roƙi malaminsu na hadda ya sassauta masa na ɗan lokaci.

Na daina tambayarsa yaya makaranta. Sai in ce wa ya zauna kusa da kai yau, wane malami ne bai shigo ba, me ka ci da tara. A haka na gano wani ɗan aji uku yana karɓe masa kuɗin tara, shi ya sa yake dawowa a yunwace. Na je makarantar da ƙafata, na nemi fom mastansa, na karɓi lambarsa. Sakamakonsa na zangon farko ya yi ƙasa, ban yi masa faɗa ba, na san wannan gangara. Na zauna da shi muka bi jan biron tare.

Shekarun da suka biyo baya a makarantar ba ni da abin faɗa a kansu sosai, karatu ne da hutu. Abin da ban manta ba shi ne ranar walimar gama NCE ɗina, Baffa ya miƙe cikin mutane ya ce shi ya ɗauke ni ya kai ni makaranta da hannunsa lokacin da kowa ya gudu. Gwaggo tana zaune a gefe tana ɓare goro, ba ta ce uffan ba. Ni ma ban ce ba, don tarbiyyar gidanmu ba ta ba ni damar tanka wa ƙanin uba a bainar jama'a ba. Ya rasu yanzu, Allah ya gafarta masa, na yafe masa tsakanina da Allah. Amma na san 'ya'yansa suna bin wannan rubutu, kuma ina so su san wanda ya kai ni bakin get da wadda ta shigo ciki.

Da na dawo dogon hutu na ƙarshen aji ɗaya, na tarar an kawo goro gidan Baffa, kuma sunana aka ambata a kansa. Nan za mu tashi mako mai zuwa in Allah ya kai mu.