Doguwar ciyawar Amurka ba ta son hannun manomi

Ƙannena da kuke zaune a tsakiyar Amurka, musamman waɗanda suka samu ɗan fili a bayan gida a Iowa ko Illinois suna son dawo da ciyawar asali ta wurin, ga inda na yi ɓarna.

Kafin garmar ƙarfe irin wadda John Deere ya ƙera a 1837 ta bazu, doguwar ciyawa ta rufe kusan eka miliyan 170 a nahiyar Amurka ta Arewa. Yau abin da ya saura bai kai kashi 4 cikin 100 ba, mafi yawansa a tuddan Flint Hills na Kansas, inda duwatsu suka hana garma shiga. Babbar ciyawar wurin, wadda suke kira big bluestem, danginsu ɗaya da gamba. Wannan kamannin ne ya ruɗe ni na ɗauka na san halinta.

Sai na shiga da hannun manomi. Na yi kaftu, na zuba taki. Kaftun ya tono irin ciyayin da ba na asali ba da ke kwance a ƙasa shekara da shekaru, takin kuma ya ciyar da su har suka shaƙe abin da na shuka. Tsirran asali ba ruwansu da taki. Ku shimfiɗa kwali ko baƙar leda a wurin tsawon lokacin zafi guda, abin da ke ƙasa ya mutu, sannan ku watsa iri ba tare da juya ƙasa ba.

Irin ma, na ciyawa da na furannin asali, na ajiye shi a ɗaki mai ɗumi, na shuka a Mayu. Yawancin furannin suka ƙi fitowa, don irinsu ba ya tsira sai ya sha sanyi da danshi na wata ɗaya ko biyu. Ku watsa a Nuwamba, ko ku sa shi a firij cikin jiƙaƙƙen yashi. Kuma kada irin ciyawa ya rinjayi na furanni, in ba haka ba za ta danne su.

Shekarar farko wurin zai yi muni, maƙwabta za su yi ta kallo. Aikin a ƙarƙashin ƙasa yake, saiwar wasu tana nutsewa fiye da mita 2. Ni haƙuri ya gaza mini, na yi ta tuge ciyayi, ashe har da 'yan tsirran da nake nema. Yanka ya fi: duk lokacin da ciyayin suka kai gwiwa, ku rage su zuwa santimita 15 ko 20. Sai shekara ta uku wurin ke fara nuna kansa.

Wuta kuwa tana cikin rayuwar wannan ciyawa. Masu aikin Curtis Prairie, filin dawo da ciyawar asali na Jami'ar Wisconsin da aka fara a shekarun 1930, sun ga hakan da idonsu. Amma kafin ku sa wa filinku wuta ku nemi izinin hukumar kashe gobara, ku ƙona sashe ɗaya ku bar sauran saboda ƙwarin da ke fakewa a busasshen kara. Inda aka hana wuta, ku yanke ku kwashe.