Kafin ku zaɓi ɓangare a aikin jinya

Ƙannena da ke ajin ƙarshe a makarantar koyon jinya, na san hirarku yanzu ba ta wuce ɓangaren da za ku shiga da zarar lasisin NMCN, hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, ya zo hannu. Ni ɗakin tiyata na zaɓa, ba don na san halina ba. Koren kayan nan na ma'aikatan tiyata ne suka ɗauke mini hankali, ga ƙawayena sun nufi can, ga raɗe-raɗin cewa masu takardar kwas ɗin jinyar tiyata sun fi saurin samun aiki a ƙasar waje.

Ashe ni mai son zama da majinyaci ce, in ji kukansa, in lallashi mai jinyarsa. A tiyata kuwa ana turo mutum jikinsa na ɓari, jim kaɗan an yi masa allurar barci. Saura tsayuwa, miƙa wa likita kayan aiki, da ƙirga auduga da almakasai kafin a yanka da kafin a ɗinke. Rai na rataye a kan ƙirgar nan, ba ƙaramin aiki ba ne, amma zuciyata ba ta wurin.

Abin da ya fi yi mini ciwo ya zo ne bayan na koma ɗakin mata. Waɗanda na girme a aiki suka riƙa riga ni gane majinyaciyar da jikinta zai rikice: numfashi ya ƙaru, fitsarin cikin leda ya ragu, mai ciwon suga ta fara zufa tana sambatu. Wannan idon a babban ɗakin kwanciya ake samunsa, a aikin dare, ni kuwa na tsallake.

Don Allah ku fara da shekara ɗaya ko biyu a can. Kwas ɗin ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, na ƙashi a asibitin Dala da ke Kano, na taɓin hankali a asibitin Kware da ke Sakkwato ko na Barnawa da ke Kaduna, duk suna nan suna jiranku.

In an tura ku zagayen koyon aiki, ku samu sistar da ta daɗe a ɓangaren, ku tambaye ta abin da ya fi ba ta wahala. Mai son ungozoma kuma ta nemi kwana a asibitin karkara tukuna, inda za a kawo mai naƙuda tana zubar jini cikin dare, babu likita kusa.