Abin da Karofin Ƙofar Mata Ya Koya Mini Game da Fita da Ɗalibai

Na daɗe ina koyar da Kemistiri a wata makarantar sakandare ta gwamnati a birnin Kano, kuma a farkon aikina na ɗauki fita da ɗalibai ziyara a matsayin tukuici da ake ba su a ƙarshen zango, bayan an gama karatu na gaske a cikin aji. Da wannan fahimta na shirya wa ƙungiyar ɗaliban kimiyya tafiya zuwa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala ta a 1974. Makonni uku na yi ina tara kuɗin mota, ina karɓar takardun amincewar iyaye, ina ciniki da direba, amma ban ware ko sa'a ɗaya na shirya abin da yaran za su je su duba ba. Mun je, sun ga ruwa iya ganinsu, sun ci abinci, an ɗauki hotuna, mun dawo lafiya. Bayan mako guda na tambaye su dalilin da ya sa ake tare ruwan damina a sake shi da rani ta magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura, sai ajin ya yi tsit. Abin da ya fi damuna ma shi ne yaran da iyayensu ba su iya biyan kuɗin mota ba, waɗanda aka bari a baya, cikinsu har da waɗanda suka fi kowa ƙwazo.

Laifin nawa ne, domin Tiga cike take da darasi ga wanda ya je da tambaya. Daga nan na fahimci cewa ido ba ya ganin abin da ba a shirya shi ya nema ba, kuma nisan tafiya ba shi ne ke auna amfaninta ba.

A shekarar da ta biyo baya ina fama da 'yan aji biyu na babbar sakandare a kan darasin yadda sinadari ke haɗuwa da iskar oksijin ko ya rabu da ita. Sun haddace ma'anar tsaf, suna rera ta kamar karatun allo, amma da zarar na sauya fasalin tambaya sai su rikice. A lokacin ne na tuna da karofin Ƙofar Mata, wurin ramukan rini, wanda tarihinsa ke komawa ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma wanda na sha wucewa ta gefensa ban taɓa ɗaukarsa ɗakin gwaje-gwaje ba. Wannan karon sai da na fara zuwa ni kaɗai har sau biyu. Na gaida dattawan wurin, na bayyana musu buƙatata, na nemi izini, muka tsayar da rana da lokacin da zuwanmu ba zai hana su aiki ba. Na raba ɗaliban rukuni-rukuni, na umarci kowane rukuni ya zo da ƙyallen farin yadi na auduga da littafin rubutu, sannan na ba su tambayoyi uku: me ake zubawa a ramin, wane launi zane ke da shi a daidai lokacin da aka tsamo shi, kuma me ya sa ake tsomawa ana ɗagawa maimakon a bar shi a ciki. Da ƙafa muka tafi, saboda haka babu wanda kuɗi ya hana.

Dattijon marinin da ya karɓe mu ya bayyana musu yadda ake haɗa ruwa da ganyen baba da toka a rami, a bar su kwanaki har haɗin ya nuna, ana motsawa da muciya, da yadda yake gane cewa ya nuna daga kumfar da ke tasowa da warinsa. Sannan ya karɓi ƙyallen wata ɗaliba ya tsoma, ya ɗan murza shi a ƙarƙashin ruwan, ya ɗago. Ƙyallen ya fito kore-kore mai ratsin rawaya, kuma a kan idonsu, cikin ɗan lokaci kaɗan, ya rikiɗe ya koma shuɗi. Yaran suka yi shiru irin wanda ban taɓa samu a aji ba. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta juyo ta ce, “Malam, iska ce ta taɓa shi.” Darasin da na yi makonni biyu ina juyawa a allo ke nan ta faɗa a taƙaice.

A nan ya kamata in ɗan tsaya, domin bayanin ne ya sa ziyarar ta zama karatu. Shunin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai iya shiga zaren auduga yadda yake ba. Toka tana ba ruwan kaifi irin na kanwa, ƙananan ƙwayoyin halitta da ke ruɓar da ganyen kuma suna cinye iskar oksijin da ke cikin ramin, su sauya shunin zuwa wani yanayi da ke narkewa, wanda shi ne mai launin kore-koren nan. A wannan yanayi yake ratsa zare. Idan aka ɗaga zanen iska ta same shi, sai ya koma shuɗin da ba ya narkewa, ya maƙale a cikin zaren. Shi ya sa marini yake tsomawa yana ɗagawa sau da yawa, kowane zagaye yana ƙara duhun launin. Dattijon bai san sunayen da littafi ya ba waɗannan abubuwa ba, amma ya san lokacin da rami ya gaji da abin da za a ƙara masa, sanin da ni mai takardar shaida ba ni da shi.

Wannan ne darasi na biyu, kuma ya shafe ni fiye da yadda ya shafi yaran. Makarantar boko ta saba wa ɗalibi da tunanin cewa ilimi daga waje yake zuwa, kuma sana'ar gidansu abin da za a gudu a bari ce. Akwai wani yaro a ajin, ɗan gidan rini, da bai taɓa faɗin sana'ar mahaifinsa ba. Ranar nan shi ne ya riƙa yi wa abokansa bayanin katsi, wato lakar da ke kwantawa a ƙasan ramin rini, da yadda ake bugun zane har ya yi ƙyalli, kuma na ga yadda suka koma kallonsa. Na gaya musu cewa baƙon nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa saƙa da rini su ne ginshiƙin arzikin birnin, kuma har yau Buzaye suna neman turkuɗin Kura, wato rinannen zane mai duhu da ƙyalli.

Da muka koma makaranta ban bar abin ya huce ba, kuskuren da na yi bayan Tiga. Kowane rukuni ya manna ƙyallensa a littafi ya rubuta abin da ya gani, kafin mu fassara shi zuwa harshen jarrabawa. Daga nan na fara neman gwaje-gwajen da kasuwa za ta iya ɗauke mana nauyinsu. Mun jiƙa zoɓo muka raba ruwansa a kofuna. Wanda aka matsa wa lemon tsami ya ƙara ja, wanda aka zuba wa ruwan kanwa ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Da haka suka gane bambancin asid da kishiyarsa kafin su taɓa takardar gwaji ta ɗakin kimiyya, kuma 'yan matan ajin suka tuna cewa sun sha ganin iyayensu mata suna kashe tsamin yakuwa da kanwa.

Ba zan ɓoye wahalar wannan hanya ba. Manhaja tana da tsawo, jarrabawar WAEC da NECO ba ta jira, kuma yini guda a waje yana nufin darussan wasu malamai sun faɗi, sai an roƙe su. Ajin da ya cika ya batse ba ya tsayawa a bakin rami mai zurfi ba tare da haɗari ba, don haka nake raba su kwana biyu, kuma ba na fita sai da malama mace tare da mu, abin da ya sa iyayen 'yan mata suka fi sakin jiki su sa hannu. Halin tsaro a hanyoyi ya sa tafiya mai nisa, irin ta Yankari da ɗalibai ke mafarki, ta zama abin da ba na gaggawar ɗaukar alhakinsa. Kuma marinan suna da haƙƙi a kanmu, domin lokacin neman abincinsu muke ci, shi ya sa nake biyan kuɗin rinin kowane ƙyalle kamar yadda kowane mai kawo aiki zai biya.

A zangon da ke tafe darasin ƙarafa ne a gabanmu. Na riga na je na gaida wani maƙeri a unguwar da ke bayan makaranta, kuma ya amince ya nuna wa yaran yadda yake gane zafin ƙarfe daga launinsa a wuta, da dalilin da ya sa yake tsoma bakin fartanya a ruwa bayan ya gama ƙira.