Abin da na koya a aikin ɗaukar hoton tsofaffin littattafai tare da mutanen wasu ƙasashe

Zaman farko da muka yi ta Zoom, wallahi kusan awa biyu muka kashe a kan abu guda: yadda za a rubuta sunan marubuci a katalog, wato kundin da ke ɗauke da jerin littattafan da bayaninsu. Abokin aikinmu mai jin Faransanci ya rubuta Ousmane, ni na rubuta Usman, malamar da ke kula da ɓangaren Larabci ta ce duk ba haka ba ne, akwai ƙa'idar mayar da baƙaƙen Larabci zuwa boko kuma dole a bi ta. Raina ya ɗan sosu a lokacin, ina ganin ga aiki jibge a gabanmu mun tsaya jayayya kan harafi. Sai da muka yi nisa na gane gaskiyarta, domin in mutum ɗaya ya shiga katalog da suna uku toh mai bincike zai ɗauka mutum uku ne, kuma duk wahalar da muka sha ta tashi a banza.

Ashe ma ba mu muka fara wannan rigimar ba. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako, babban birnin Mali, don daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa da Fulatanci da Kanuri da Tamashek, saboda harshe ɗaya ne amma ƙasar da Faransa ta mulka tana rubuta shi daban, wadda Ingila ta mulka ita ma daban. Tun da na san wannan na daina raina zaman da ake yi kan ƙananan abubuwa.

Aikin namu shi ne bin gidajen da suka gaji littattafan hannu, mu share su, mu ɗau hoton kowane shafi, mu rubuta bayaninsu. Kuɗin daga wata cibiya ta ƙasar waje ya fito, ba zan kama suna ba, su suka kawo kyamara da fitilu da kwamfuta da mai koyarwa, mu kuma mu ne muka san gidajen, muka san harshen, muka iya karanta ajamin. Kuma aikin ba irin hoton waya ba ne. Kowane shafi sai an ajiye rula da katin launi a gefensa, hannu a wanke a bushe, ba a danne takarda da ƙarfi. Yawancin littattafan wannan yanki ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin gafaka ko tsakanin allunan fata, in iska ta kaɗa ko wani ya taɓa hargitsa su shi kenan sai ka koma bin kalmar nan da mai kwafar littafin ke rubutawa a ƙasan shafi wadda ita ce farkon shafi na gaba. Wani lokaci in ka ɗaga takardar ga haske sai ka ga tambarin jinjirin wata guda uku, irin takardar da ake yi a Italiya ana ketowa da ita ta Sahara. Ranar da na fara ganinsa jikina ya yi sanyi, takardar Turawa, tawadar gida, ilimin Larabci, sharhi da ajami a gefe. Wato tun kafin a ƙirƙiro kalmar haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa mutane na yin abin.

Inda na fi shan darasi shi ne gidan wani dattijo. Mun yi masa bayani tsaf, ya saurara bai katse mu ba, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, in kun ɗauka kun tafi, ina hoton zai kwana?" Na ce, "Allah gafarta Malam, za a adana shi a wuri mai tsaro." Ya ce, "Wurin wa? In jikana yana son karanta littafin kakansa, wa zai roƙa?"

Ban da amsa. Na koma na buɗe yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun kafin in shigo aikin, na karanta ta layi-layi, sai na tarar an faɗi inda babban kwafi zai zauna, can wajensu, amma ba a ce komai ba game da masu littattafan. Ba na jin mugunta ce, wanda ya rubuta takardar bai taɓa zama a gaban irin wannan dattijon ba ne kawai, mu kuma namu mutanen sun sa hannu cikin murnar an samu tallafi. Muka dakatar da aiki a gidan, muka yi ta musayar imel makonni, wani lokaci da zafi, har aka yarda aka ƙara sharuɗɗa: littafi ba ya fita daga gidan mai shi, kowane gida za a ba shi kwafin nasa, wata cibiya a ƙasarmu za ta riƙe cikakken kwafi, kuma mai littafi na da ikon cewa wannan kar a sa shi a intanet. Wasu sun yi amfani da wannan ikon, musamman a kan wasiƙun iyali da takardun gado, kuma ni ina ganin daidai ne. Daga baya na ga ashe shirin ceto takardun tarihi na British Library a Landan, wanda aka fara a 2004, dama haka ƙa'idarsa take, asali ya zauna a ƙasarsa kuma a bar kwafi a can. Da mun sani tun farko da ba mu ɓata makonnin nan ba.

Duk wanda ke wannan aikin Timbuktu na ransa. A wannan gari na ƙasar Mali an kafa cibiyar Ahmed Baba ta adana littattafan hannu a 1973, Afirka ta Kudu ta taimaka aka gina mata sabon gini da aka buɗe a 2009, sai ga masu ɗauke da makamai sun kama garin a 2012, suka rusa hubbarorin waliyyai, a Janairun 2013 kuma aka ƙona wasu littattafai a cibiyar. Abin da ya ceci mafi yawa shi ne iyalan garin da su Abdel Kader Haidara, mai kula da wani ɗakin karatu na iyali a garin, da suka riƙa fitar da su a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe, a mota da kwale-kwale, zuwa Bamako. Taimakon waje ya zo, kuma ya yi amfani sosai, domin Bamako na da danshi saɓanin Timbuktu, ana buƙatar na'urar tsotse laima da kwalaye na musamman da kuɗin ɗaukar hoto. Hubbarorin ma da UNESCO ta tallafa aka sake ginawa a 2015, maginan garin ne suka yi aikin da hannunsu. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne kowane ɓangare akwai abin da shi kaɗai zai iya, kuma wanda ya kawo kuɗi bai fi wanda ya kawo amanar mutane ba.

Sauran matsalolin kam kullum ne. Intanet ba ya iya ɗaukar manyan hotunan, sai dai a tura faifan ajiya ta hannun matafiyi. An gayyaci biyu daga cikinmu taro su gabatar da aikin da su suka yi, biza ba ta fito ba sai wani ya karanta takardarsu a madadinsu, wannan ya yi min ciwo har yau. A rahoton farko kuma an sa sunayenmu a shafin godiya maimakon cikin marubuta, sai da muka yi magana a fili aka gyara, kuma abokan aikinmu na can ne ma suka fara goya mana baya.

Abu ɗaya da na dage a kai, ko da ya rage mana yawan shafukan da za mu nuna a rahoto, shi ne a koya wa matasa aikin gaba ɗayansa, daga saita kyamara har gyara ta in ta samu matsala da rubuta katalog, ba danna maɓalli kawai ba. Tallafi yana da ranar ƙarewa, namu ma ya ƙare, baƙin sun koma. Kyamarar tana nan tana aiki, kuma ɗaya daga cikin 'yan matan da muka koya wa ita ce ta tsallaka iyaka ta je ta koya wa wata tawagar a ƙasar maƙwabta, da Hausa da ɗan guntun Faransancinta.

Ranar da na kai wa dattijon nan kwafinsa na buɗe masa a kwamfuta, ya matso da tabarau, ya ce in ƙara girman gefen wani shafi. Rubutun mahaifinsa ne, ƙanana sosai, ya ce ya fi shekara goma idonsa bai iya karanta shi ba. Ya karanta a hankali har ƙarshe, sannan ya aika a kira jikan nasa, ya ce min, "Ɗana, nuna masa yadda ake buɗewa." Da za mu tafi ya shiga ciki ya fito da wata gafaka da bai taɓa nuna mana ba.