Abin da shirya wasan Beckett ya koya mini

Ƙannena da ke shirin wasan kammala karatu suna ta tambayata shawara tun da na gama da sashen wasan kwaikwayo. Shawarata ta fito ne daga aikina na ƙarshe, Waiting for Godot na Samuel Beckett, ɗan ƙasar Ailan da aka haifa a 1906, wanda ya rubuta wasan da Faransanci, aka fara nuna shi a Paris a 1953.

Wanda bai san wasan ba zai ce babu komai a ciki. Vladimir da Estragon suna gindin wata bishiya suna jiran Godot, mutumin da ba ya zuwa, yaro ya zo ya ce sai gobe, gobe ta yi, a sake jira. A cikin wannan jiran Beckett ya zuba tambayar da ke damun kowa: me muke yi da kwanakinmu alhali ba mu san abin da muke jira ba?

Malamin da ke duba aikina bai yarda ba. Ya ce shirun da ke cikin wasan ya yi yawa, in yanke shi, in kuma sa mai bayani ya fito a ƙarshe ya gaya wa 'yan kallo wane ne Godot. Na ce, "Malam, Beckett da kansa bai taɓa faɗa ba." Sai ya ce mini a gaban 'yan wasana ban san aikin ba tukuna. Na bar shirun yadda yake. Ya rage mini maki, amma ranar da kwamiti ya yaba wasan, shi ya miƙe ya karɓi gaisuwa.

Abin da ya riƙe ni shi ne labarin gidan yarin San Quentin a Amurka, inda aka nuna wasan a 1957, fursunoni suka fahimce shi ba tare da an fassara musu ba. A daren namu ma, wani tsoho mai gadi da ya shekara yana jiran fanshonsa ya zauna har ƙarshe, ya ce mini, "Yaro, wannan ai mu ne."

Sauran shawarar kaɗan ce. Ku riƙe takardar duk gyaran da aka sa ku yi. Ku kula da 'yan wasanku, su suka tsaya da ni. Makin kuwa yana nan a sakamakona, ban roƙi kowa ya canza shi ba.