Wat 40 a ɗakin kwana: amfilifayar da na ƙona da hannuna

Har yanzu in na tuna warin da ya fito daga bayan amfilifayar nan sai raina ya ɓaci. Wari ne na fentin wayar tagulla da ta ƙone, wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa. Amma ɓarnar ta fara ne tun ranar da na sayi amfilifayar jita, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai bawul (ƴan kwalaben gilashi masu ƙarfafa sautin), wat 40, da lasifika ɗaya mai inci 12, alhali a ɗaki nake kaɗa jita ni kaɗai, ba ƙungiya, ba mai ganga a gefena. Lissafina a lokacin shi ne babba ya fi, in ƙara ta yi yawa ai sai in rage. Wannan lissafin ne ya jawo duk abin da ya biyo baya.

Ga abin da ban duba ba. A takardar kowace lasifikar jita akwai wata lamba, a masu inci 12 yawanci tsakanin desibel (ma'aunin ƙara) 97 ne zuwa 100. Ma'anarta, in ka ba lasifikar wat 1 kacal ka tsaya mita 1 a gabanta, ƙarar da za ka ji ke nan. Wat ɗaya fa. Desibel 100 kuwa ƙara ce da masu kula da lafiyar ma'aikata ke cewa kada kunne ya wuce minti 15 a cikinta a yini. Wanda ke kaɗawa a ɗaki ba ya son damun kowa, desibel 75 zuwa 80 yake nema. Duk ragin desibel 10 yana nufin an raba wat gida 10, don haka daga 100 zuwa 80 kana buƙatar kashi 1 cikin 100 na wat guda. Wato ni da na ɗauko wat 40, kashi 1 cikin 4000 na ƙarfinta nake amfani da shi. Akwati mai nauyin kusan kilo 20, bawul 6L6 guda biyu a baya, masu tura ƙarfi zuwa lasifika, suna zafi, amma ba abin da suke yi.

Shi ya sa shawarar da ake yawan bayarwa, wai ka sayi mai wat 5 don gida, take ba ni haushi. Tsakanin wat 40 da wat 5 desibel 9 ne kawai. Kunne yana jin ragin desibel 10 kamar an raba ƙara biyu, ke nan mai wat 5 da aka buɗe ta gaba ɗaya rabin ƙarar mai wat 40 take yi, kuma rabin nan ya isa ya tashi gida duka. In burinka bawul ɗin baya su yi wannan kaushin mai daɗi da ake ji a faifai, ko wat 1 ya yi wa ɗaki yawa.

A aikace, abin murɗa ƙarar tawa yana zaune ne tsakanin 1 da 2. Ƙasa da 1 shiru, da ya wuce 2 tagogi na rawa, sai ka riƙa taɓa shi da farce kana neman tsakiya. Sautin da ke fitowa a wannan matsayi siriri ne, ba jiki. Wani ɓangaren laifin na kunne ne: tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa in ƙara ta yi ƙasa kunnen mutum yana rasa ƙasan sauti da samansa fiye da tsakiya. Sauran kuma na lasifikar ne, wadda faifanta na takarda mai kaɗawa ya fitar da sauti da ƙyar yake motsi. A wurin da na gwada ta kafin in saya duk wannan bai bayyana ba, saboda wuri ne mai faɗi da hayaniya, na kai ƙarar 4 ina jin daɗi. Ban gwada ta a ƙarar da zan yi amfani da ita a gida ba, ko sau ɗaya.

Maimakon in gane matsalar, sai na koma sayen feda, wato ƙaramin akwatin da ake takawa da ƙafa don sauya sautin jita. Fedar kaushin sauti har uku na tara. Ta farko Tube Screamer ce, kuma ba ta da laifi ko kaɗan, an yi ta ne don ta tunkuɗa amfilifayar da ta riga ta fara kaushi da kanta. Tana yanke ƙasan sauti daga wajen Hz 720 (Hz ma'aunin kaifin sauti ne) zuwa ƙasa, ta turo tsakiya gaba, wanda a cikin ƙungiya shi ke sa jita ta fito fili. A kan amfilifaya mai tsabtar sauti da aka shaƙe a lamba 1 da rabi, abin da take bayarwa shi ne murya ta hanci. Na ɗauka fedar ce ba ta dace ba, na sayo ta biyu, na sayo ta uku. Dukansu magani ne na ciwon da ba shi ke damuna ba.

Sai dabarar da ta kashe ta. A bayan amfilifayar akwai ramin da ke fitar da sauti daga sashen farko, kafin ya shiga bawul ɗin baya. Na ce bari in ɗauko sauti daga nan zuwa kwamfuta in saurara da abin kunne, in buɗe ƙara yadda nake so. Don ɗaki ya yi shiru, sai na zare waya ɗaya daga jikin lasifika. Wasu amfilifayoyin suna da rami mai haɗe kansa in an zare filogin lasifika, wanda ke ɗan ba da kariya, amma ni a jikin lasifikar na zare, filogin na nan a raminsa, don haka ba kariyar da ta yi aiki. Na kai ƙara 7. Ramin nan ba ya tsinke hanyar sauti, yana raba ta ne kawai, ke nan bawul ɗin baya suna aiki da cikakken ƙarfi ba tare da inda za su juye shi ba.

Amfilifaya mai bawul tana da taransifoma tsakanin bawul da lasifika. In babu lasifika, ƙarfin da ya taru a maganaɗisun taransifomar ba shi da mafita, sai ya komo baya da bolt mai yawan gaske, ya huda fentin da ya raba zagayen wayoyin, wuta ta yi tsalle tsakaninsu. Ban kai minti 10 ba na ji tas-tas a kunne, sai wari, sai fis ya tsinke. Mai gyara ya tarar da taransifomar ta tafi, mazaunin bawul ɗaya ya yi baƙi inda wutar ta yi tsalle, bawul ɗin biyu kuma sai an sauya su tare, tagwaye da aka auna suka yi daidai, sannan a sake saita wutar da ke ratsa su. Amfilifayar taransista, wadda ba ta aiki da bawul, yawanci ba ta damu ba in babu lasifika, kuma da irinta na saba, shi ya sa abin bai zo mini a rai ba. Da na sani ƙeya ce. Kada kuma wani ya ce zai buɗe cikin ya duba da kansa: kafasitocin ciki, masu adana wuta, suna riƙe bolt sama da 400, wani lokaci har bayan an kashe an zare daga bango.

Abin da ya kamata in saya tun farko, wanda kuma shi nake kunnawa kullum yanzu, ƙaramar amfilifaya ce mai kwaikwayon sautin bawul da kwamfuta a ciki. Irin su Boss Katana 50 suna da makunni a sama da ke sauke ƙarfi daga wat 50 zuwa 25 zuwa rabin wat, ga ramin abin kunne da ke kashe lasifika ba tare da wani haɗari ba. Kaushin sautinsu ba ya dogara da yawan ƙara, don haka abin da ka saita da rana shi za ka ji da dare. Masu cewa ba ta kai bawul ba suna da gaskiya in a dandali ne an buɗe ƙara. A desibel 75 kuwa, na saurari biyun gefe da gefe, ƙaramar ta fi jiki nesa ba kusa ba.

Mai bawul ɗin da aka gyara ban sayar ba, na haɗa mata akwatin shanye ƙarfi, wanda ke shiga tsakaninta da lasifika. Abu uku ne a nan ba a wasa da su. Om ɗin akwatin, wato ma'aunin turjiyar wuta, ya zo daidai da na amfilifayar, tawa 8 ce, akwatin ma 8. Ƙarfin da akwatin zai iya ɗauka ya ninka nata, domin mai wat 40 da aka buɗe har ta yi kaushi tana fitar da fiye da 40, shi ya sa na ɗauki mai 100. Sai waya: wayar lasifika ake sawa, mai zare biyu masu kauri, ba wayar jita ba. Filoginsu iri ɗaya ne, amma zaren tsakiyar wayar jita siriri ne ƙwarai, zai iya yin zafi ya tsinke, da ya tsinke kuwa ka koma inda na tsinci kaina, taransifoma ba lasifika. A sani kuma, akwatin ƙara yake ragewa, wahalar bawul tana nan, za su tsufa da wuri kamar kullum a dandali suke.

Zaɓen jitar bai ba ni wahala ba. Na riƙe jitocin ne a tsaye da maɗauri, tun kafin a jona wuta, domin bambancin kilo 3 da rabi da kilo 4 da rabi kafaɗa ce ke faɗin sa bayan awa guda. Tsawon tsirkiya daga goshi zuwa gada a salon Fender inci 25.5 ne, a salon Gibson 24.75, gajeren ya fi laushi a yatsa in kaurin tsirkiya ɗaya ne. Na ɗauki mai gada kafaffiya, ba mai sandar girgiza da ke lilo ba, saboda a mai lilon in tsirkiya ɗaya ta tsinke sauran biyar duk sai sun kauce. Abin da ya fi sunan kamfani tasiri shi ne saiti. Ka danne tsirkiya a firet (ƴan ƙarafan da ke jere a wuyan jita) na 1 da na ƙarshe, tazarar da ke ƙarƙashinta a firet na 8 ta zama wajen milimita 0.25. In ta wuce, a murɗa sandar cikin wuya, kwatan zagaye ɗaya kawai a lokaci guda, a bar itacen ya zauna. Tsayin tsirkiya a firet na 12, milimita 1.6 a siririyar, 2 a mai kaurin. Jita mai matsakaicin daraja da aka yi wa wannan ta fi wadda ta ninka ta daraja ba saiti. Fikof, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, in mai naɗi ɗaya ne yana da gunjin wutar gida, a ɗaki kusa da kwamfuta ya fi fitowa, don haka mai kaɗawa a gida ya nemi jita mai fikof tagwaye ko da guda ne a wajen gada.

Fedoji kuwa, daga cikin ukun nan ɗaya na bari. Yanzu jerin ya zama: na'urar saita tsirkiya, fedar kaushi, sai ta amsa-kuwwa a ƙarshe, domin in amsa-kuwwar ta riga kaushi, maimaicin ne ke dagulewa. Wutar fedoji ita ce wurin da mutum zai sake irin ɓarnata a ƙaramin sikeli. Mafi yawansu bolt 9 suke ci, wuta mai tafiya hanya ɗaya, kuma tsakiyar filogin ce ƙafar ragi. Adaftocin kayan gida da yawa akasin haka suke, tsakiyarsu ce ƙafar ƙari, filogin kuma yana shiga lafiya lau. Akwai ma masu fitar da wuta mai kai-da-komo, waɗannan suna iya kashe feda nan take. A duba ɗan zanen da ke jikin adafta da na jikin feda kafin a jona. Miliamfiya kuma, wato yawan wutar da ake ja, adafta ta fi abin da fedar ke nema, ba ta gaza ba: fedar kaushi ba ta cika wuce 20 ba, ta amsa-kuwwa mai kwamfuta a ciki tana iya neman 100 zuwa 300. In ka jera su duka a waya ɗaya mai rassa, mai kwamfutar tana zuba ƙugi cikin sauran. Na sha wannan, sai da na koma akwatin wuta mai raba kowace kafa daban ya ɗauke.

Duk wannan na fedoji da na koye shi cikin sauƙi in da amfilifayar farko ta dace da ɗakin. Abin da ke ci mini rai shi ne gwajin da zai hana duka bai fi minti 5 ba: manhajar auna ƙara a wayar hannu, a tsaya mita 1 daga lasifika, a sauke ƙara har allo ya nuna 75 zuwa 80, a kaɗa a haka. In sautin ya mutu a nan, ko abin murɗawar ya ƙi tsayawa a nan, ba ta gida ba ce, komai daɗinta a lamba 4. Ita kuma mai bawul ɗin, na ɗaura jan zare a wayar lasifikarta na bar wayar jita baƙa, kuma ba na taɓa makunninta sai na zagaya baya na bi wayar da hannu daga amfilifaya zuwa akwati, daga akwati zuwa ƙafafun lasifika biyu, na ja kowace na ji ta kama.